Ƙidayar Tafiya da Rufin Asirin Matafiyi

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, al'amuran sufuri suka sauya a garin Lafiya kamar yadda suka sauya a sauran sassan ƙasar nan. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa naira 1,000. Wannan ne ya sa wasu daga cikinmu, malamai da ɗalibai da sauran ma'aikata, muka jingine motoci da babura, muka kakkaɓe kekunan da suka daɗe a zaure, waɗanda ba su da su kuma suka nufi kasuwa. Da fari kunya ta so ta hana mu, daga baya da muka ga mun yi yawa sai abin ya zama zumunci, har muna haɗuwa ranar Asabar da sassafe mu miƙa hanyar Doma ko ta Shabu mu dawo kafin rana ta yi zafi.

Da shekarar 2024 ta zo ƙarshe sai wani daga cikinmu ya kawo shawarar a tattara lissafin tafiyar da kowa ya yi a shekarar, a ware ta motsa jiki daban, ta zuwa aiki da komawa gida daban, a jera sunaye daga na ɗaya har na ƙarshe, a kuma karrama wanda ya zo kan gaba. Masu irin wannan sha'awa a ƙasashen duniya haka suke yi, kuma manhajar Strava, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 2009, a wancan lokaci takan fitar wa kowane mai amfani da ita jimillar tafiyarsa a ƙarshen shekara. Shawarar ta yi mana daɗi. Sai dai ba mu yi nisa da aikin ba muka ci karo da wata tambaya wadda ita ce maƙasudin wannan maƙala: shin halal ne a gare mu mu ƙirga wahalar mutum mu baje ta a fili don kawai lissafin gaskiya ne? In kuwa akwai sharaɗi, to mene ne shi?

Amsar Maigadi

Akwai wani dattijo da ke gadi a wurin aikinmu, wanda tun kafin a haifi yawancin ɗalibanmu yake zuwa aiki a kan wata tsohuwar Rali mai kariya a baya. Ba ya cikin masu fita da mu ranar Asabar, ba shi kuma da wayar da za ta ɗauki manhaja. Ganin cewa adalci ne a sa shi cikin lissafi, sai wani ɗalibi ya raka shi gida wata rana da waya a aljihu, aka tarar tsakanin gidansa da wurin aiki kilomita 9 ne. Zuwa da dawowa kilomita 18 ke nan. In muka ƙaddara yana zuwa kwana 300 a shekara, lissafi ya ba mu kilomita 5,400. Wannan ya zarce nisan da ke tsakanin Lafiya da Makka in da za a miƙe ɗoɗar, kuma tun da kewayen duniya kilomita 40,075 ne, ashe dattijon nan yakan zagaye duniya sau ɗaya a ƙasa da shekara takwas ba tare da ya bar ƙasar Lafiya ba. Babu ko ɗaya daga cikinmu da ya kama ƙafarsa.

Cike da murna muka same shi a bakin ƙofa, muka gaisa, muka ce, "Baba, albishirinka. Mun yi lissafi, kai ne na ɗaya. Za mu sa sunanka a saman takarda." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam, in an ƙirga, za a rage mini hanyar ne?" Muka ce a'a. Ya ce, "To don Allah ku rufa mini asiri. Ku don nishaɗi kuke hawa, ni don ba ni da kuɗin mota ne. In kuka rubuta sunana, 'ya'yana za su ga an yi shelar talaucin ubansu."

Muka koma ofis jikinmu a sanyaye. Lissafinmu daidai yake, ba mu ƙara ba, ba mu rage ba, niyyarmu kuma ta karramawa ce. Duk da haka saura ƙiris mu ci mutuncin mutumin da muka fi girmamawa a cikinmu.

Yadda Magabata Suka Auna Tafiya

Ya kamata mu tuna cewa auna tafiya da kilomita baƙon abu ne a tunanin Bahaushe. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, da waɗanda suka riƙa ɗauko gishirin Keana da na Awe suna ratsawa ta wannan yanki, da zango suke lissafi. Zango kuwa ba shi da tsayayyen tsawo. Shi ne iyakar abin da ayari zai iya ci a yini, gwargwadon ƙarfin jakuna, da nauyin kaya, da inda ruwa yake, da inda za a kwana cikin aminci. Madugu nagari yakan auna zangonsa da mafi rauni a cikin ayari, domin in ya auna da mafi ƙarfi sai ya isa shi kaɗai. Haka nan in aka tambayi mutumin karkara nisan gari, sai ya ce tafiyar hantsi ce, ko tafiyar yini, ko kwana biyu. Wato ma'aunin yana ɗauke da jikin matafiyi a cikinsa.

Da Turawa suka zo suka kafa duwatsun mil a gefen hanya, daga baya kuma ƙasar nan ta koma lissafin kilomita. Fa'idar wannan ma'auni ita ce bai san kowa ba: kilomita ɗaya ce ga sarki, ɗaya ce ga talaka. Aibinsa ma shi ne bai san kowa ba. Kilomitar da matashi ya ci da sanyin safiya a kan keke mai giya, ba kaya, da kilomitar da manomi ya ci a kan yashin hanyar gona da doya a ɗaure a kariya, rana tsaka a watan Maris, duk lamba ɗaya suke bayarwa. Jiki magayi ne, shi ya san ba ɗaya suke ba.

Hujjar Masu Ƙidaya

Kada mai karatu ya zaci muna ƙyamar lissafi. Waɗanda suka kawo shawarar suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma rashin adalci ne a yi watsi da su.

Hujja ta farko ita ce ɗan'adam mai mantuwa ne, mai kuma yaudarar kansa. Wanda bai rubuta ba zai rantse ya hau keke kusan kullum, alhali rabin shekarar a jingine take. Lamba ba ta jin kunyar mai ita, don haka takan gaya masa abin da abokai ba za su gaya masa ba. Ga mai hawan jini ko ciwon sukari da likita ya umarta da motsa jiki, wannan gaskiya magani ce.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. A tsarin mulkin zamani, abin da ba a ƙirga ba tamkar babu shi ne. An mayar da babbar hanyar da ta taso daga Keffi ta bi Akwanga da Lafiya zuwa Makurɗi tagwaye, aikin da ya haura kilomita 200, a 2025 kuma aka fara karɓar kuɗin hanya a kanta. Motar da ta biya kuɗi ta shiga littafi, ta zama hujjar da mai tsara hanya zai duba gobe. Mai keken da ke raɓe a gefen kwalta, tirela na wuce shi da iskar da ke neman kayar da shi, bai bar sawu a kowace takarda ba. Ɗalibin da ke zuwa daga Bukan Sidi, da mai tallan burodi, da mai kai madara, da manomin riɗi daga ƙauyukan hanyar Shendam, in ba a san yawansu da nisan da suke ci ba, da me za a nema musu gefen hanya mai faɗi ko fitilar titi? Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya a 2018, neman irin wannan kulawa take yi. Ta wannan fuska, ƙin ƙirga talaka wani nau'i ne na mantawa da shi.

Ashe ke nan muna tsakanin abubuwa biyu masu ɗaci: in mun ƙirga Baba maigadi mun tona shi, in mun bar shi mun shafe shi.

Abin da Lamba ke Ɓoyewa

Kafin mu nemi mafita, bari mu duba me jimillar shekara take faɗa, me kuma take hadiyewa. A 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, wani Bature ɗan Ingila mai suna Tommy Godwin ya ci mil 75,065 a kan keke cikin shekara guda, wato kimanin kilomita 120,800. Wannan bajinta ta tsaya shekara sama da 70 ba a karya ta ba, sai a farkon 2016 Kurt Searvogel na Amurka ya kammala mil 76,076. A 2017 wata Ba'amurkiya, Amanda Coker, ta kai mil 86,573, kimanin kilomita 139,300, wato ta zagaye duniya sau uku da kusan rabi. Kusan dukkan wannan tafiya ta yi ta ne a wani dandalin shaƙatawa a jihar Fulorida, tana kewaya da'ira ɗaya mai tsawon mil 7.

Wanda ya tsaya ga wannan bayani zai iya yin dariya ya ce ta zagaye duniya ba ta je ko'ina ba. Amma a 2011 mota ta buge wannan baiwar Allah tana kan keke, ta samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, har ta daɗe ba ta hau ba. Kewayen nan da take yi, hanyarta ce ta komawa cikin rayuwa. Lambar 86,573 ba ta faɗi haka ba, kamar yadda 5,400 ba ta faɗi cewa Baba yana ajiye kuɗin motar ne don biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa ba. A duka biyun, ma'anar tafiyar tana wajen lissafi. Mai karanta jadawali yana ganin nawa aka yi, don me aka yi kuwa sai ya tambayi mai tafiyar.

Daɗin daɗawa, lamba ba ta tsaya ga ɓoye ma'ana ba, takan sauya halin wanda ake ƙirgawa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Charles Goodhart, ya lura a 1975 cewa da zarar an mayar da ma'auni abin da ake kora, sai ya daina auna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. Mun ga haka da idonmu. Tun da aka ji za a jera sunaye, sai ga wani daga cikinmu yana kewaya unguwa sau biyu kafin ya shiga gida don ya cike kilomita. Wani ya manta bai kunna manhaja ba, ya yini yana baƙin ciki kamar tafiyar ba ta auku ba, alhali ƙafafunsa sun shaida. Mafi muni, ranar wata Asabar tayar wani ɗalibi ta yi faci a hanyar Doma, mutum biyu kawai suka tsaya masa, sauran muka wuce don kada tsayuwa ta ɓata mana lissafin gudu. Mu da muka taru don zumunci, sai ga shi mun zama madugun da ya bar mai rauni a daji. Wannan laifinmu ne, ba mu ɗora wa na'ura ba.

Ƙidaya da Tonon Asiri

Tsoron da Baba ya nuna yana da saiwa a tarihinmu. Talakan ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa in hukuma ta zo ƙirga, to karɓa ke biye. Ana ƙirga magidanta don haraji, ana ƙirga shanu don jangali, har sai da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu mulki a 1979. Shi ya sa har yau Bafulatani ba ya son a tambaye shi yawan shanunsa, uwa kuma ba ta son a lissafa mata 'ya'yanta a bainar jama'a. A matakin ƙasa ma ƙidaya ba ta taɓa zama lissafi zalla ba: ta 1962 rigima ta sa aka sake ta a 1963, ta 1973 kuwa gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke sakamakonta a 1975. Mai ƙirgawa yana da iko a kan wanda ake ƙirgawa, ko da bai nufi haka ba.

Na'urar zamani ta ƙara wa wannan iko kaifi. A watan Janairun 2018 duniya ta wayi gari da labarin cewa taswirar da Strava ta wallafa, mai nuna hanyoyin da masu amfani da ita suka bi, ta fallasa wuraren da sansanonin sojan Amurka suke a ƙasashe irin su Afganistan da Siriya, domin sojojin na motsa jiki da na'urorinsu a kunne. In lissafin motsa jiki zai tona asirin rundunar da ta fi kowace tsaro, ina ga ɗaliba ko malamin da ke bin hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, kullum, a zamanin da satar mutane ta zama abin fargaba a hanyoyinmu?

Sannan akwai bambancin da ke tsakanin zaɓi da tilas. A 2001, lokacin da marigayi Ojo Maduekwe yake Ministan Sufuri, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, jaridu suka yi ta ɗaukar hotonsa. Keken minista labari ne, domin kowa ya san yana da mota a gida. A daidai wannan lokaci dubban masinjoji da masu gadi suna hawa kullum ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Mu ma da muke alfahari da kilomitocinmu, alfaharin ya samu ne saboda an san muna iya barin keken ranar da muka ga dama. Lambar da ta zama ado a wuyanmu, a wuyan Baba tambarin rashi ce. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, a laccarsa da aka buga a 1974, ya lissafa gaskiya, ya kuma lissafa kunya da mutunci da hankali tare da ita. Darasin da ke ciki shi ne gaskiyar da ba ta tafi da hankali ba tana iya zama cin mutunci.

Matsayarmu

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin ƙidayar tafiya iri uku ce, hukuncinsu kuma ya bambanta.

Akwai ƙidayar da mutum ke yi wa kansa. Wannan abin yabo ce, kuma malaman tarbiyya sun daɗe da saninta da sunan muhasaba. Harisu al-Muhasibi, malamin Bagadaza da ya rasu a shekarar 857 Miladiyya, daga wannan ɗabi'a ya samu laƙabinsa, Imam Gazali ma ya ware mata babi a cikin Ihya'u Ulumiddin. Sharaɗinta shi ne littafin ya zauna a hannun mai shi, kuma abokin gasarsa shi ne shi kansa na bara.

Akwai ƙidayar da ake yi don a jera mutane, wane ya fi wane. Wannan ba ta da laifi a filin wasa, inda kowa ya shigo da yardarsa, da keke iri ɗaya, a kan hanya ɗaya. Amma ɗauko ta a ɗora wa tafiyar neman abinci kuskure ne, domin talauci ba gasa ba ne, kuma wanda ya zo na ɗaya a cikinsa ba ya son kofi.

Akwai kuma ƙidayar da jama'a ke yi don ta san nauyin da take ɗauke da shi. Wannan kamar aikin gayya ne: in an gama noman gona, ana cewa mun gama, ba a auna kunyar da kowa ya yi. Irin wannan ce ke amsa hujjar masu ƙidaya ba tare da ta tona kowa ba. Amma ita ma tana da sharaɗi, wanda Baba ya gindaya mana a tambayarsa ta farko: in an ƙirga, za a rage? Duk wanda ya ƙirga wahalar wani ya ɗauki amana, domin ya san abin da da bai sani ba. In sanin bai kai shi ga sauƙaƙawa ba, to kallo kawai ya yi, ya kuma sa wa kallon rigar ilimi.

Abin da muka yi a ƙarshe kaɗan ne. Mun soke jerin sunaye. Kowa ya rubuta adadinsa a takarda ba suna ya jefa a kwali, muka haɗa jimilla ɗaya ta kowa da kowa. Da muka koma wa Baba da wannan tsari ya yarda a zuba nasa a ciki. Mun ƙara wani shafi da babu shi a shawarar farko, inda aka rubuta wuraren da mahaya suka fi jin tsoro a hanya, da lokutan da abin ya fi tsanani, don mu miƙa wa masu ruwa da tsaki tare da jimillar. Kuɗin da aka tara don sayen kofi kuwa aka ba mai gyaran keken da ke kusa da ƙofa, a kan duk ma'aikacin da ya kawo faci ko gyaran birki ko sarƙa a yi masa, kada a tambaye shi, kada kuma a gaya mana ko wane ne. Mun kuma yi alkawarin cewa ranar Asabar, in keken mutum ɗaya ya tsaya, ayari duka ya tsaya.

Kammalawa

Ba mu ce mun warware matsalar ba. Har yanzu akwai masu ganin mun kashe armashin abin, kuma gaskiya ne wasu sun rage fitowa tun da aka cire gasa. Akwai kuma masu cewa jimillar da ba suna ba ta da amo a kunnen hukuma, tun da labarin mutum ɗaya ya fi lamba taɓa zuciya. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma mu da muka ba da labarin Baba a nan, ko da mun sakaya sunansa bayan mun nemi izininsa, ba mu kuɓuta daga wannan tuhuma ba.

Abin da muke roƙon ɗalibanmu, waɗanda gobe za su riƙe rajistar makarantu da asibitoci da ma'aikatu, shi ne duk lokacin da aka miƙa musu alƙalami aka ce su ƙirga mutane, su tambayi kansu abu uku: wa ya yarda a ƙirga shi, wa zai ga lissafin, me kuma za a sauƙaƙa masa bayan an gani. Baba dai har gobe yana tasowa bayan sallar asuba, ya ci kilomitarsa 9, ya jingine Ralinsa a gindin bishiyar da ya saba. Hanyar ba ta ragu ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu akwai fitila a gaban keken, ba mu kuma san wanda ya ɗaura masa ita ba.